Lissafin Makarar Baba

Ranar sunan 'yar Maryam na ji ku a tsakar gida kuna maganar soron gidanmu na Soron Ɗinki. Kun zaci hankalina yana kan tukunya. Na ji wanda ya ce wayo aka yi wa kakanku yana kwance ba lafiya, na ji wadda ta ce ai mutanen gidan Baffa Garba sun daɗe da iya cin rabon wani. Ban tanka ba saboda baƙi, amma raina ya ɓaci, har na zuba wa miya gishiri sau biyu. To ga shi zan rubuta muku yadda abin ya faru, tunda a gabana aka yi, kuma da bakina a ciki.

Kakanku Malam Inuwa maɗinkin manyan riguna ne, irin masu aikin hannu da ake shafe watanni a kan wuya ɗaya. Allah ya ba shi jiki, sana'ar zama kuma ta ƙara masa. In ya zauna a kan buzu a soro, buzun ɓacewa yake yi. Yana son tuwon dawa man shanu na malala a kai, yana son fura mai kaurin da ludayi zai tsaya a ciki, sannan yana da baki. Ba mugu ba ne, ni shaida ce, amma in ya ga ɗinki ya karkace sai ya faɗa, in ya ga hali ya karkace sai ya faɗa, ko a gaban waye. Mu huɗu ya haifa, duk mata. Ni ya sa wa sunan mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Shi ya tsaya kai da fata sai da na yi karatu na zama malamar fiziks a sakandaren 'yan mata, ko da yake har ya koma ga Allah bai yarda fiziks ya kai ɗinki wuya ba.

Ƙaninsa Baffa Garba shi kuma siriri ne mai sanyin magana, jama'a na son sa, ga 'ya'ya maza reras, duk ƙarfafa. Asali gida ɗaya ne, soro ɗaya. Da aka zo rabon gado sai soron ya zama abin rigima, domin shi ne yake kallon hanya. Aka kai ruwa rana, a ƙarshe ya faɗo rabon Baba. Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Amma Baffa ya faɗi magana ɗaya, Baba ya mayar masa da uku, washegari ya kira magini aka ja katanga a tsakiyar gidan. Daga ranar mutanen sashin Baffa suka koma shiga ta wani lungu na baya, wanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata. Ina ƙarama aka yi wannan. Na girma, na yi aure, na haife ku, katangar tana nan. A masallaci ɗaya suke salla, in an sallame kowa ya nemi takalminsa.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda wani maƙwabcinmu mai sayar da goro ya rasu. Ku da kuka tashi a sabuwar unguwa kuna ganin ana sa gawa a mota, ba lallai ku san yadda ake yi a cikin gari ba. Mota ba ta shiga lungunanmu. A kafaɗa ake ɗaukar makara, maza suna karɓeɓeniya, wannan ya saki wancan ya kama, ba a tsayawa. Mutane kuma suna lura da tafiyarta. In ta yi sauri sai ka ji ana cewa mamacin ɗokin alherin da ke gabansa yake yi. In ta yi nauyi tana jan jiki, ba wanda zai faɗa da ƙarfi, amma kafin la'asar maganar ta shiga kowane gida. Malamai sun sha hana wannan zancen, mutane ba su daina ba. To mai goron nan ƙato ne kamar Baba, kuma ba shi da jama'a sosai. An zo an yi masa salla, amma da aka zo ɗauka kowa ya riƙa noƙewa yana barin wa wani, har sai da aka sauke makarar a hanya masu ɗauka suka huta. Baba yana baya yana haki, ya ji abin da mutum biyu suke raɗawa a gabansa. Ya dawo gida ya ce ba ya jin yunwa.

Bayan 'yan kwanaki Inna, wato kakarku, ta aiko a kira ni. Tun daga ƙofar ɗaki ta tare ni.

"Zo ki ga ubanki. Ya yi yaji da tuwo."

Na same shi da kwanon dafaffen zogale a gaba, ba ƙuli, ba mai, yana tauna kamar wanda aka yi wa hukunci. Ya daina man shanu, ya daina fura, sai ruwan zafi da lemon tsami. Mu duka mun ɗauka maganar likita ya fara ji, domin a lokacin ciwon zuciya ya kama shi, ƙafafunsa suna kumbura. Har daɗi muka ji. Abin da ba mu gane ba shi ne ɓacin ransa duk ranar da aka ɗora shi a sikelin asibiti. Likita ya ce ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Yana rage ci, nauyin yana ƙaruwa, ya dawo gida ya sha kunu, ya huce a kan wanda ya fara gani.

Wata Asabar da la'asar na zo da takardun gwajin ɗalibaina na zauna kusa da shi a soro ina dubawa. Yana ɗinki a hankali, domin idon ya fara rauni.

"Uwata, wai me kike ta ja da jan biro tun ɗazu kina tsaki?"

"Baba, yaran nan ne. Lissafi ɗaya na yi mako ina koya musu, rabinsu sun kifa shi, sun sa na ƙasa a sama."

"Faɗa min in ji. Abin da ya gagari yara wataƙila tsoho ya iya."

Daidai lokacin wani mai ruwa ya zo wucewa yana tura kurarsa cike da jarkoki, sai na ce ga misali ya kawo kansa. Na ce masa abin da muke nema shi ne yadda gudun abu yake ƙaruwa in an tura shi. Abu biyu ke yanke wannan: ƙarfin da aka sa, da nauyin abin. A rubuta ƙarfi a sama, a ja layi, a rubuta nauyi a ƙasa, a raba. Na ce mu ɗauka kurar nan kilo ɗari biyu ce, mai ruwan kuma yana tura ta da ƙarfi ɗari a ma'aunin da muke kira niyutan. Ɗari a raba da ɗari biyu, rabi ke nan, shi ya sa take tashi a daddafe. In ya sayar da ruwan kurar ta koma kilo hamsin, ƙarfin nan dai bai canza ba, amma amsa ta zama biyu, ka ga yana bin ta da gudu. In kuma ruwan na nan amma ɗan'uwansa ya sa masa hannu, ƙarfi ya zama ɗari biyu, amsa ta tashi daga rabi ta zama ɗaya. Ina ta zuba, ina jin daɗi na samu ɗalibin da ba ya hamma.

"Wato ƙarfi a sama, nauyi a ƙasa," in ji shi.

"Shi ke nan, Baba. Ka fi rabin ajina."

Ya riƙe allura a hannu bai soka ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"To yi min wannan. Abu ne mai kilo ɗari da talatin. Masu ɗauka mutum huɗu, su ma ba da son ransu ba."

Wallahi har na rubuta ɗari da talatin a ƙasan layi kafin na tuna inda na ga lambar. Ni na kai shi asibiti ranar Alhamis, ni na karanta sikelin. Biro ya tsaya a hannuna. Ya ba ni labarin jana'izar mai goro daga farko har ƙarshe, da abin da ya ji ana raɗawa. Tsoro ya kama ni, tausayi ya kama ni, sai duk suka fito min a faɗa, kamar yadda na gada a wurinsa.

"Haba Baba! Kai da kake zama gaban malamai? Ina ruwan Allah da sikeli? Wannan ai zancen mutane ne."

"Na sani, Uwata. Abin da ke tsakanina da Ubangijina daban, ina kuma kyautata masa zato. Amma ni zan tafi, uwarku ce za ta zauna a unguwar nan. Ita za ta shiga gidan biki a yi shiru. Ku za a nuna a ce ga 'ya'yan wanda aka sauke a hanya."

A matsayina na malama na san lissafin nan bai ɗauke maganar duka ba. Ɗaga abu sama daban, tura shi gaba daban, gajiyar kafaɗa kuma ba ta cikin abin da na rubuta a takarda. Amma ba aji nake ba, ubana ne a gabana idonsa ya kawo ruwa. Na nuna masa layin da biro na ce hanya biyu ce kawai: ko a rage na ƙasa, ko a ƙara na sama. Na ƙasa ya gwada, ya ƙi. Saura na sama, shi kuwa ba shi da iyaka, iya yawan hannun da aka sa. Ni nufina in kwantar masa da hankali, in ce jama'a za su zo. Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min ya ce in shiga in ce wa Inna yau a sa masa man shanu.

Washegari na dawo kawo masa magani na tarar da tsakar gida ya turnuƙe. Magini ne da diga yana fasa katanga, Baba yana zaune a kujera yana ba da umarni, Inna ta riƙe haɓa a bakin madafa. Da aka huda katangar sai ga matar Baffa a can ɓangaren da wanki a hannu, ta saki baki. Ba a jima ba Baffa ya sunkuyo ta cikin ramin, ƙura a hularsa.

"Yaya, lafiya?"

Rabon da in ji ya kira shi haka tun ina 'yar firamare.

"Lafiya ƙalau. Soro na ba ka. Ku riƙa shiga ta gaba."

"A kan me?"

Wani mutumin da zai lulluɓe maganar, ya kawo zumunci, ya kawo tsufa. Kakanku bai iya ba.

"Tafiya ta matso, Garba. Ina da nauyi, ba ni da maza. Kafaɗun yaranka nake so ranar."

Na ga fuskar Baffa ta canza. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar sai da ya ɗaga ta.

"Wato saye za ka yi. Duk abin da ka gaggaya min a duniya na haɗiye, amma wannan ya fi min ciwo. Kana zaton zan bari a ajiye ka a ƙasa saboda soro? Nono ɗaya muka sha, Yaya. Riƙe soronka."

Ya juya ya koma. Kafin azahar yaransa sun kafa zana sun toshe ramin. Baba ya daɗe yana kallon zanar, sannan ya waiwayo gare ni.

"Uwata, lissafinki bai ce haka ba."

"Baba, lissafina kura ya sani, bai san Baffa ba."

Duk da haka Baba bai janye ba. Ya ce ya riga ya furta, ba zai lashe amansa ba. Ya kira mai unguwa da liman ya shaida musu soro na Garba ne, ko ya karɓa ko bai karɓa ba. A nan ne yayata, Yaya Rabi, wadda kuke kira Hajiya Babba, ta hau dokin zuciya. Ta ce da soron aka mayar shago da ya riƙe Inna har ƙarshen rayuwarta, ta ce bokona ya cinye mana gado. Ba ƙarya ta yi ba a kan darajar soron, kuma don Inna take faɗa, shi ya sa ban taɓa riƙe ta ba. Amma mun yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu, abin ya yi min zafi ƙwarai. Na san daga bakinta kuka ji rabin labarin, lokacin tana cikin fushi.

Zanar ta yi makonni a wurin. Ranar da ta faɗi ba na nan, Inna ce ta ba ni labari. Baba ya sunkuya zai yi alwalar azahar sai jiri ya ɗebe shi ya faɗi a bakin rariya. Inna ita kaɗai ce a gida, ta ja ta ja ko motsi bai yi ba, sai ta kurma ihu. Ta ce ba ta rufe baki ba ta ga zana ta yi sama, samarin Baffa sun shigo, wani ko riga babu. Suka cicciɓe shi suka fita da shi ta soro har bakin titi suka sa a adaidaita. Da yamma ina asibiti sai ga Baffa da fulas ɗin kunu. Ya ajiye, ya zauna a gefen gado ya ba wa yayansa rabin baya, yana kallon bango. Inna, wadda da can Baffa abokin wasanta ne tunda ƙanin miji ne, ta dube shi sama da ƙasa.

"Garba, duk shekarun nan ba a ba ka abinci ne a can? Ko allurar Malam ta fi ka ƙiba."

Dariya ta kufce masa, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari. Baba yana kwance da robar ruwa a hannu, ya yi magana a hankali.

"Ba saye na yi ba, Garba. Bakina ne ka san shi. Mayarwa na yi. Soron ubanmu ne, bai kamata a ce ka zagaya ba."

Baffa ya juyo ya dube shi. Can ya buɗe fulas ya zuba kunu a kofi.

"In mayarwa ce na karɓa. Tashi ka sha kafin ya huce."

To kun ji yadda soro ya koma hannun gidan Baffa. Ba wanda ya yi wa kakanku wayo, kuma duk wanda ya san shi ya san ba a yi masa.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na gani a gidan nan. Tsofaffin biyu suna wuni a soro suna musu a kan abubuwan da suka faru tun ba a haife ni ba. Masu zuwa gaida Baffa suka fara zama, suka saba da bakin Baba, wasu har zuwa suke yi don a tsokane shi ya faɗi magana a yi dariya. Ranar Juma'a samarin Baffa su ɗauki Baba a kujera zuwa masallaci, yana sama yana yi musu faɗa wai ɗaya ya fi ɗaya tsawo suna karkatar da shi. Bakin bai mutu ba, sai dai yanzu in ya faɗi mai zafi yakan bi ta da sa albarka. Wata rana na ji Baffa yana ce masa shi in ya riga shi tafiya yara biyu sun ishe shi, Baba ya ce ai kai ko a aljihu a kai ka. Bai sake tambayata lissafi ba, sikelin asibiti ma ya daina kallo.

Da damina ya rasu, bayan sallar asuba, kansa a cinyar Baffa. Aka yi masa wanka aka haɗa shi, da hantsi aka fito da shi. Mu mata iyakarmu ƙofar tsakar gida. Na tsaya a bayan labulen da ya raba mu da soro, ina jin liman yana kabbara a waje, ina jin amsawar maza, amma ba na iya gane yawansu. Ba zan ɓoye muku ba, duk abin da na gaya wa Baba na cewa zancen mutane ne, a lokacin ni ma tsoro nake ji. An yi ruwa da daddare, ƙasa da santsi, ga jikinsa ya ƙara kumbura a kwanakin ƙarshe. Aka sallame. Na ji an ce bismilla, na ji ƙarar makara ta bar ƙasa, sai takun ƙafafu ya tashi gaba ɗaya. Na kasa kunne ina jiran in bi su da ji har kwanar masallaci, kamar yadda na saba in an fita da gawa daga unguwa. Kafin in gyara tsayuwa lungun ya yi tsit.

Inna tana zaune a tabarma da carbi, tun asuba ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Har sun tafi?"

Na ce sun tafi. Ni kaina ban yarda da kunnena ba, muka zauna muna jira.

Baffa ne ya fara shigowa cikin gida da aka dawo, taɓo har gwiwar wandonsa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya durƙusa a gaban Inna yana mayar da numfashi, hawaye na bin gemunsa.

"Matar Yaya, ban samu na taɓa makarar ba. Na so in sa kafaɗata ko sau ɗaya. Mutane ture juna suke yi a kanta, wanda ya kama ba ya son saki. Na yi gudu iya ƙarfina, ban cim musu ba sai a bakin kabari."

Inna ta ajiye carbin a cinyarta. Ta dubi Baffa, ta dubi Yaya Rabi, ta dube ni.

"Ikon Allah," ta ce. "Tun ina yarinya aka kawo ni gidan mutumin nan, ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai yau."

Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukan mijinta.